ISKA DA MOTAR LANTARKI: Bayani a Kan Abin da Ke Rage Mata Nisan Zango

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin Hakimai da Malamansu, gama su ne jama'a ke zuwa wurinsu da tambaya in wani sabon abu ya shigo ƙasa, su ne kuma akan nemi shawararsu in za a kashe kuɗin jama'a a kan abin hawa. Motocin da ke tafiya da lantarki, watau waɗanda ake cika wa batir maimakon a zuba musu mai, suna ta ƙaruwa a duniya. A shekarar 1923 da wuya a tarar da su a kan hanya in ba a manyan biranen Turai da Amurka ba, amma a 2023 an sayar da wajen miliyan 14, in an haɗa da masu amfani da batir da fetur tare, fiye da rabinsu kuwa a ƙasar Sin aka saye su.

Duk wanda aka nuna wa irin wannan mota, tambayarsa ta farko ita ce, "In an cika batirin, ina za ta kai?" Tambaya ce mai kan gado, domin motar fetur in mai ya ƙare a daji ana iya kai mata galan guda, amma motar lantarki in batirinta ya mutu tsakanin gari da gari sai a jawo ta. Abin da za mu bayyana a nan shi ne, a kan babbar hanya, mafi yawan abin da ke cinye batirin nan wani abu ne da ido ba ya gani, watau iska. Wanda ya fahimci wannan zai san irin motar da za a saya, zai kuma san abin da zai gargaɗi direba da shi.

1. ISKA TANA DA NAUYI

Mutane da yawa suna zaton iska ba kome ba ce, don ba a ganinta, ba a kuma iya damƙe ta. Amma masana sun auna ta. Akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1, iskar da ke cikinsa ta kai nauyin kilo 1.2. Ɗaki mai mita 4 kowane gefe, tsayinsa mita 3, iskar cikinsa ta kai kilo 58, ta fi buhun siminti nauyi ke nan.

To, mota ba ta wucewa sai ta ture iskar da ke gabanta. Ƙaramar mota, wadda faɗin gabanta ya kai murabba'in mita 2.2, cikin kowane kilomita guda tana ratsa iska mai nauyin fiye da tan 2 da rabi. Wanda ya taɓa shiga rafi ruwa ya kawo masa ƙugu ya san yadda abin yake. In ya taka a hankali sai ya wuce, in kuwa ya ce zai yi gudu sai ya ji kamar an riƙe shi. Haka mahayi in ya saki linzami a wurin sukuwa, zai ji rigarsa ta cika ta kumbura tana jansa baya, ko da a ranar ganye ba ya motsi. Wannan riƙo da iska ke yi wa abin da ke gudu shi za mu kira turjiyar iska.

2. YADDA ISKA KE RIƘE MOTA

Turjiyar nan ta hanya huɗu take zuwa. Ta farko, iska tana taruwa a goshin mota ta danne ta. Ta biyu, wadda mutane ba su cika lura da ita ba alhali kuwa babba ce, ita ce ta baya. In mota ta wuce takan bar gurbi, iska kuwa ba ta iya cike gurbin nan da sauri, sai ta yi ta birkicewa kamar 'yar guguwa. Ƙarfin iska a wannan gurbi bai kai na gaba ba, saboda haka sai ya zama ana tura motar daga gaba, ana kuma tsotsarta daga baya. Wanda ya ga yadda ƙura ke bin bayan babbar mota tana liƙewa a ƙofar baya, ya ga gurbin da idonsa.

Ta uku ita ce gogayyar iska da jikin motar, amma wannan ƙarama ce. Ta huɗu kuwa ita ce hargitsin da ke faruwa a ƙarƙashin mota, da wajen tayoyi, da cikin hancin da iska ke shiga don ta sanyaya inji. Masana sun ƙiyasta tayoyi da ramukansu kaɗai suna jawo wajen rubu'in dukan turjiyar ƙaramar mota.

3. ABU UKU DA KE ƘAYYADE TURJIYA

Na ɗaya shi ne faɗin gaba. A ɗauki faifai a fuskanci iska da shi, sa'an nan a karkata shi ta gefe, za a ji bambanci nan da nan. Doguwar mota mai faɗi ta fi gajera turo iska.

Na biyu shi ne siffa. Kifi da shaho mai kawo bara duk siffarsu ɗaya ce: gaba a dunƙule, baya yana tsukewa sannu a hankali, don abin da suka ratsa ya koma ya haɗu a bayansu ba da hargitsi ba. Masana suna auna kyawun siffar mota da wata lamba, wadda za mu kira lambar turjiya. Ƙanƙantar lambar ita ce kyawunta. Allo shimfiɗaɗɗe in ya fuskanci iska lambarsa ta wuce 1. Galibin ƙananan motoci na zamanin nan tasu tana kusa da 0.30. Ana samun wannan lamba a wani babban ɗakin gwaji, inda ake ajiye mota a tsaye, a hura mata iska da ƙaton fanka, a auna ƙarfin da iskar ke tura ta da shi. Sai an ninka lambar nan da faɗin gaba kafin a san gaskiyar turjiyar mota. Don haka ƙatuwar mota mai kyakkyawar lamba tana iya fin ƙarama mai matsakaiciyar lamba shan wahala.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne gudu. A nan sai a natsu, gama lissafin ba yadda hankali ke zato yake ba. In aka ninka gudu sau 2, turjiya tana ninkuwa sau 4. In aka ninka gudu sau 3, tana ninkuwa sau 9. Dalili shi ne, mai sauri yana karo da iska mai yawa cikin kowace daƙiƙa, kuma kowace iskar da ya yi karo da ita da ƙarfi yake bugunta. Saboda haka motar da ke gudun kilomita 100 a awa, wutar da take kashewa wajen ture iska a kowane kilomita ta ninka ta mai gudun 50 har sau 4. A cikin gari, inda ake tafiya a hankali, gogayyar taya da ƙasa ita ce babba. Amma da zarar ƙaramar mota ta kai wajen kilomita 80 a awa sai iska ta kamo taya, daga nan gaba kuwa iska ce sarauniya.

4. ME YA SA MOTAR LANTARKI TA FI JIN WANNAN?

Mai karatu zai ce, ai motar fetur ma iska ɗaya take ratsawa. Gaskiya ne, amma akwai bambanci uku.

Na farko, guzurin motar lantarki kaɗan ne. Ana auna wutar batir da kilowat-awa, shi ne yunit ɗin da mitar lantarki ta gida ke ƙirgawa. Lita guda ta fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai wajen yunit 9. Batir mai yunit 60, wanda nauyinsa ya kai ɗaruruwan kilo, ƙarfin da ke cikinsa bai kai na lita 7 na fetur ba. Matafiyin da ke da 'yar salka guda a hamada ba ya wasa da ɗigon ruwa.

Na biyu, motar lantarki ba ta da ɓarna mai yawa a cikinta. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta bayyana cewa motar fetur kashi 12 zuwa 30 bisa 100 na ƙarfin man kaɗai take kai wa tayoyi, saura duk ya tafi a zafi da hayaƙi. Motar lantarki kuwa tana kai fiye da kashi 77. Tun da ɓarnar ciki ta ragu haka, sai ɓarnar waje, watau iska da taya, ta fito fili ta zama ita ce mai yanke hukunci a kan nisan zango.

Na uku, motar lantarki tana maido da wani abu daga wutar da ta kashe. In direba ya ɗaga ƙafa, ko ya taka birki, ko yana gangara, injinta yakan juye ya zama janareto, ya mai da wuta cikin batir. Don haka nauyi da hawan tudu da tsaye-tsayen cikin gari kamar rance ne, ana biyan wani sashe. Amma wutar da aka ba iska ta tafi ke nan, ba ta dawowa. Wannan shi ya sa al'amarin ya juye: motar fetur ta fi shan mai a cunkoson gari, motar lantarki kuwa ta fi cin batir a kan buɗaɗɗiyar hanya.

5. TARIHIN WANNAN ILMI

Ilmin nan ba sabo ba ne. Mota ta farko da ta wuce gudun kilomita 100 a awa ta lantarki ce. Wani mutumin Beljiyam, Camille Jenatzy, shi ya tuƙa ta kusa da birnin Faris ran 29 ga Afrilu, 1899, an kuwa ƙera jikinta da tsini kamar harsashi. A 1921 Edmund Rumpler, wanda dā jiragen sama yake ƙerawa, ya nuna wata mota a Barlin mai siffar ɗigon ruwa. Da kamfanin Volkswagen ya gwada ta a 1979 sai aka tarar lambarta 0.28 ce, ta fi motocin da ake yayi a lokacin gwajin. Cikin shekarun 1930 Wunibald Kamm, wani masani a Jamus, ya nuna ba lalle sai an yi wa mota doguwar wutsiya ba. In aka tsuke bayanta sannu sannu, sa'an nan aka datse shi tsaf, ana samun mafi yawan amfanin. Har yau da wannan dabara ake aiki.

Amma masu saye ba su karɓi abin nan da nan ba. Kamfanin Chrysler ya fito da mota mai suna Airflow a 1934, mutane suka ga siffarta baƙuwa ce, ba ta yi kasuwa ba. Muddin mai yana da araha ba wanda ya damu. Sai da tsadar mai ta 1973 ta girgiza Turai da Amurka kana maƙera suka waiwayo, har a 1982 aka fito da Audi 100 mai lamba 0.30. A 1996 kamfanin General Motors ya fito da motar lantarki mai suna EV1. Batirinta na farko na darma ne, mai nauyi, mai ɗaukar wuta kaɗan, saboda haka tilas aka gyara siffarta har lambarta ta sauko 0.19.

6. DABARUN MAƘERA NA YAU

Motar lantarki ta zo da sauƙi biyu. Ba ta da salansa da tankin mai da sauran tarkacen da ke rataye a ƙarƙashin motar fetur, batirinta kuma shimfiɗe yake kamar tabarma, don haka ana iya yi wa cikinta sumul. Injinta kuma ba ya zafi kamar na fetur, saboda haka ba ta bukatar ƙaton hanci. Akan sa mata 'yan ƙofofi a gaba waɗanda ke rufe kansu, sai an bukaci sanyaya batir su buɗe. Ban da wannan, akan shigar da mariƙin ƙofa cikin jiki, a rufe fuskar tayoyi da faranti, a sunkuyar da rufi ta baya. Wasu motocin sukan rage tsayinsu da kansu in sun hau babbar hanya. A 2018 kamfanin Audi ya sa 'yan kyamarori a gurbin madubin gefe a motarsa e-tron, lambarta ta sauko daga 0.28 zuwa 0.27. Tesla Model 3 ta 2017 lambarta 0.23, Mercedes EQS ta 2021 kuwa 0.20.

Ga misali guda wanda ya isa hujja. Kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu yana da motoci biyu, Ioniq 5 da Ioniq 6, waɗanda aka gina a kan gindi ɗaya. A ƙirar 2023 batirinsu ɗaya ne, mai yunit 77.4, ƙarfin injinsu ma ɗaya. Ta farko doguwa ce mai kusurwoyi, lambarta 0.288. Ta biyu ta fi ta gajarta da santimita 11, bayanta a sunkuye, lambarta 0.21. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, ta farko tana cin mil 303 da ciko guda, ta biyu mil 361. Bambancin mil 58 ke nan, watau kilomita 93, galibinsa kuwa daga siffa ya zo. Abin mamaki kuma, ita wannan ta biyu in aka sa mata manyan tayoyi masu inci 20 don ado maimakon masu inci 18, sai zangonta ya faɗo mil 305. Kusan duk ribar ta tafi a ƙawa.

Akwai hanya biyu ta neman nisan zango: a ƙara batir, ko a rage ɓarna. Motar GMC Hummer ta lantarki, ƙirar 2022, ta bi hanyar farko. Batirinta ya wuce yunit 200, nauyinta ya wuce tan 4, zangonta wajen kilomita 530. Kamfanin Mercedes kuwa ya ƙera motar gwaji mai suna Vision EQXX, lambarta 0.17, batirinta bai kai yunit 100 ba. A watan Afrilu na 2022 ta tashi daga Sindelfingen a Jamus, ta haye duwatsun Alps, ta isa Cassis a bakin tekun Faransa, kilomita 1,008, ba a ƙara mata wuta ba. Rabin batir ya ci kusan ninkin tafiya. Batir kuwa shi ne abu mafi tsada a jikin motar lantarki, don haka gyaran siffa ragin kuɗi ne.

7. LISSAFIN MISALI

Bari mu ƙaddara wata mota don mu ga yadda lissafin ke fita. A ce lambarta 0.23, faɗin gabanta murabba'in mita 2.2, batirinta yunit 60. A ce kuma taya da sauran ɓarnar ciki suna cin yunit 7 a kowane kilomita 100. Ga abin da za a samu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ranar da ba iska:

Gudun kilomita 80 a awa: iska ta ci yunit 4.2, jimla 11.2, zango wajen kilomita 535.

Gudun kilomita 100 a awa: iska ta ci yunit 6.5, jimla 13.5, zango wajen kilomita 445.

Gudun kilomita 120 a awa: iska ta ci yunit 9.4, jimla 16.4, zango wajen kilomita 365.

A duba da kyau. Mota ɗaya, batir ɗaya, hanya ɗaya, amma ƙafar direba kaɗai ta ɓatar da kilomita 170. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Sai kuma a tuna, abin da ake lissafi da shi gudun mota ne cikin iska. In mota tana gudun 100, iska kuma tana busowa daga gaba da gudun 20, turjiyar daidai take da ta mai gudun 120, ta ƙaru da kashi 44 bisa 100 ke nan. Iska mai sanyi kuma ta fi mai zafi kauri: a ma'aunin zafi 10 ta fi ta 35 nauyi da wajen kashi 9. Wannan ya shafe mu, gama hunturu daga arewa maso gabas yake busowa. Wanda ya tashi daga Kaduna zuwa Kano da sassafe cikin hunturu, tafiyar wajen kilomita 230, zai ga batir ya sauka fiye da yadda ya sauka a ranar da ya zo.

8. ABIN DA YA KAMATA A KIYAYE

(a) Kafin a sayi mota a fara tambaya, wace hanya za ta bi? In aikinta zirga-zirga ne a kan kwalta tsakanin manyan garuruwa, gajerar mota mai sumul ita ce riba. In kuwa rangadin ƙauyuka ne, inda akwai rairayi da kwazazzabai, gudu kuma ba ya wuce 40, iska ba ta da wani tasiri, doguwar mota ita ta dace, gama batir a ƙasa yake, ba a so ya bugi dutse.

(b) Kada a ɗauki zangon da aka rubuta a takardar talla a matsayin alkawari. An same shi ne ta gwajin da ya haɗa tafiyar gari da ta hanya. Mai doguwar tafiya da gudu ya sa rai da ƙasa da haka, ya kuma bar rara.

(c) A guji ɗora kaya a bisa rufi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce ƙaton akwati a kan rufin mota yana rage nisan da mai ke kai ta da kashi 10 zuwa 25 bisa 100 in ana gudun mil 65 zuwa 75, motar lantarki kuwa ba ta tsira daga wannan ba. Kaya su shiga ciki ko but. In an sauke kaya a kwance kariyar ma.

(d) Kada a yarda makanike ya cire farantan da ke ƙarƙashin mota ko murafen tayoyi ya yar, yana cewa ado ne. Aiki suke yi. Kada kuma a ƙara wa mota ƙarafa a goshi, ko tayoyi masu faɗi, in ba da larura ba.

(e) A babbar hanya a rufe tagogi. A riƙa duba iskar taya kowane mako.

(f) In direba ya ga batir yana neman gazawa, gari kuwa da sauran nisa, kada ya ƙara wuta don ya isa da wuri. Ya rage gudu zuwa 60 ko 70. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace saurin ceto.

(g) An san bin bayan babbar mota kurkusa yana rage turjiya, amma kada direba ya kuskura ya yi haka. Ɗan yunit ɗin da zai tsimi bai kai ran mutum ba.

KAMMALAWA

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, nisan zangon motar lantarki aikin mutum uku ne: maƙerin da ya tsara siffarta, mai sayen da ya zaɓe ta, da direban da ke taka ta. Na farkon ya gama nasa tun a ma'aikata. Sauran biyun suna hannunmu. Ana roƙon Hakimai su sa Malamansu su karanta wa direbobi sashe na 7 da na 8, su kuma buɗe littafi a ofis inda za a riƙa rubuta kowace tafiya: nisanta, da gudun da aka yi, da kayan da aka ɗauka, da abin da ya rage a batir. Bayan 'yan watanni littafin nan zai nuna wa kowace gunduma gaskiyar zangon motarta a kan hanyoyinta.